Muryar da na samo a Bagauda

A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, yarinya ba ta ɗaga murya a gaban maza. In Baba ya kira ki, ki durƙusa, ki sunkuyar da kai, ki amsa a hankali yadda sai ya ce "me kika ce?" Da wannan tarbiyya na tashi, kuma har gobe ina ganin mutuncinta. Sai dai ni aikin lauya na zaɓa, aikin da jarinsa baki ne.

Ranar da na ce shari'a zan karanta, Baffa, yayan Baba, ya ce a zaure: "Mace lauya? Wa zai ajiye mai gardama a ɗakinsa?" Baba mutum ne mai rediyo a kunne. Ya tuna masa cewa a 2012 an rantsar da Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar a matsayin Alƙalin Alƙalan Najeriya, mace ta farko da ta hau kujerar, kuma tun 1977 take alƙalanci a babbar kotun Kano, lokacin da Jigawa ma tana cikin Kano. Ya ce, "Yaya, ita ma 'yar wani ce." Daga nan Baffa bai ƙara cewa uffan ba, amma bai sa albarka ba.

Shekara biyar na yi a Jami'ar Bayero, ina haɗa shari'ar Musulunci da ta Turawa, kuma biro ne ya fitar da ni. Ina rubutu mai kyau, ina cin jarrabawa, amma ban tuna ranar da na ɗaga hannu a aji don kaina ba. Da aka tura ni Makarantar Horas da Lauyoyi reshen Kano, wadda ke Bagauda a ƙaramar hukumar Bebeji, Baba ya kai sa guda da buhunan riɗi kasuwar Gujungu ya haɗa kuɗin. Inna ta sayar da awakinta biyu aka ɗinka mini baƙaƙe da fararen kaya, don su ne tufafin makarantar.

Makarantar da ta fara a Legas a 1963 da ɗalibai takwas, yau tana da rassa, kuma ba lallai a tura ka kusa da gida ba. Shi ya sa a tsakiyar gonakin dawa da masara za ka ga ɗan Kalaba da 'yar Ibadan da Bakano da Batibi a benci ɗaya, ana hunturu kowa na shafa mai a leɓe. Darussa biyar ake yi: shari'ar laifuka, shari'ar da ba ta laifi ba, dokar kadarori, dokar kamfanoni, da ladubban aikin lauya. Ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, a ba su aiki, washegari a kira su su yi bayani gaban kowa.

A zaman farko na rukuninmu aka zaɓi shugaba, namiji. Aka dubi littafina aka ce rubutuna ya fi na kowa tsabta, ni ce sakatariya. Na ji daɗi ƙwarai. Sai daga baya na lura cewa a yawancin rukunonin da na leƙa haka abin yake: namiji da baki, mace da biro. Ba wanda ya tsara hakan, ba doka ba ce, kowa da abin da ya taho da shi daga gida. Ni ce mai kwana a kan littattafai ina tono hukunce-hukunce, da safe wani ya miƙe ya karanto, a yaba masa. Wallahi a lokacin ban ga aibin hakan ba.

Wadda ta gani wata 'yar Anambra ce, matar aure mai 'ya'ya biyu, ta girme ni da kusan shekara goma. Wani dare muna cin garin rogo da ƙuli-ƙulin da Inna ta aiko mini, ta ce, "Ƙanwata, hujjar nan ke kika tono ta. Don me wani zai faɗe ta?" Na ce mu a wajenmu kunya ado ce. Ba ta musa mini ba. Ta ba ni labarin shari'ar Ukeje, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2014, inda ta soke al'adar Ibo ta hana 'ya mace gadon mahaifinta, saboda ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 da ya hana nuna bambanci. Mun karanta hukuncin a jami'a, amma a bakinta daban na ji shi, domin ita a danginsu ta ga matan da aka kora daga gidan ubansu hannu rabbana.

Ni kuma na shiga yi mata bayani da alfahari: mu Alƙur'ani ya yanka wa mace kasonta tun tuni. 'Ya tana da rabin abin da ɗa ya samu, matar mamaci tana da tumunin takaba in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Ta ce, "To ai ku kun huta." Sai bakina ya mutu, don Gwaggo ce ta faɗo mini a rai. Kakanmu ya rasu ya bar 'ya'ya uku, Baffa da Baba da ita. Gonar tana nan a matsayin gandu fiye da shekara ashirin, maza na nomawa, ita kuma in kaka ta yi a aika mata dami biyu ko uku kamar sadaka. Haƙƙinta rubuce yake, ba wanda ya yi musunsa. Bakin tambaya ne ba ta da shi, kuma mahaifina da nake ƙauna yana cikin masu cin gonar.

Da aka zo gwajin zaman kotu, na ce ni zan nemi belin wanda ake tuhuma. Shugaban rukuni ya yi mamaki, amma ya ba ni. Na miƙe gwiwoyina na rawa, takarda na kaɗawa a hannuna, na fara "Ya mai shari'a" da muryar da nake amsa kiran Baba. Malamar da ta zauna a kujerar alƙali ta dakatar da ni. Ta ce ba ta ji na, kuma in alƙali bai ji ni ba, mutumin da nake karewa a gidan yari zai kwana. Ba tsawa ta yi ba, ta dai jira. Maganar ta shige ni har ƙashi. Ashe shirun da nake ɗauka nawa ne, wani ne zai biya kuɗinsa. Na ja numfashi, na sake daga farko, har na baya suka ji. Ban cire mayafina ba, ban daina ladabi ba, murya kawai na ƙara.

Shi ya sa in na ji ana ƙirga yawan mata a aji ana cewa an ci gaba, nakan ce a ƙara da wata tambaya: su wa ke magana? A kuma dubi mai ciki wata bakwai da ke zaune kan benci tun safe, da mai shayarwa da ta bar jariri a hannun ƙanwarta a ɗakin haya. Na ga irinsu, na ga yadda muka riƙa kwafa musu darasi muna kama musu wurin zama kusa da ƙofa. Ƙofar aikin lauya ma ba da kanta ta buɗe mana ba. A Disamban 2017 an hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja don ta ƙi cire hijabi, ta rasa rantsuwar shekarar, sai a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. Ranar tawa rantsuwar na ɗora hular lauyoyi a kan hijabina ba wanda ya tare ni, kuma na yi mata addu'a ban taɓa ganinta ba.

Da na koma gida da babbar salla, sunana ya koma Barista. Bayan isha mata suka riƙa shigowa ɗakin Inna ɗaya bayan ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. Wannan an sake ta an ƙwace yaro ɗan shekara uku, ba ta san a mazhabarmu ta Malikiyya uwa ce ke da riƙo ba. Waccan miji ya tafi ci-rani shekara biyu ba aike ba saƙo. Abubuwa ne da ba za su taɓa faɗa wa lauya namiji ba, ko da kyauta zai yi musu.

Gwaggo ce ta zo ƙarshe. Ta ce, "'Yar nan, ke za ki yi musu magana." Na ce zan zauna kusa da ita, lissafin ma na yi mata, kaso ɗaya cikin biyar ne nata, amma in ni na faɗa za a ce boko ne ya shigo gida, kuma ranar da na koma birni maganar ta bi ni. Kwana biyu muna maimaitawa a bayan rumbu, kamar yadda muka riƙa yi a Bagauda.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka shiga zaure. Baffa na kan buzu, Baba na gefe da rediyonsa a kashe. Gwaggo ta durƙusa, ta gaishe su, ta yi maganar a ciki. Baffa ya ce, "Me kika ce?" Na taɓa gwiwarta. Ta ɗago kai ta ce, "Yaya, gonar Baba nake so a raba, a ba ni nawa tun ina da rai." Zauren ya yi tsit. Baba ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba. Baffa ya dube ni, ya dube ta, sannan ya kira ƙaramin ɗansa ya ce ya je ya gaya wa Liman ana nemansa gobe da hantsi, ya taho da igiyar awo.