Katifa biyu, baya ɗaya

Jama'a, ashe sayen katifa ma sai da ilimi. Ciwon baya ne ya kai ni wani shago a titin Ahmadu Bello neman katifar lateks, wadda ake yi da ruwan bishiyar roba. Biyu aka nuna mini, kaurinsu ɗaya, a ido ba ka bambance su.

Ina ta dannawa da hannu mai shagon ya ce, "Alhaji, hannu ba zai gaya maka gaskiya ba. Cire takalmi ka kwanta."

Ta farko irin Dunlop ce, salon da aka fara a Ingila tun 1929. Ta fi nauyi da tauri. Da na kwanta rigingine sai na ji ƙuguna ya samu abin dogara, ban nutse ba. Amma ina juyawa gefe kafaɗata ta fara ƙorafi. Ta biyu Talalay ce, ita ana zuƙe iskarta a daskarar da ita kafin a gasa, shi ya sa ta fi laushi, kuɗinta kuma ya fi. Kafaɗa ta shige lumui, sai dai mai jiki irina tsakiyarsa kan ɗan lotsa.

Duk biyun suna da ƙananan huji da iska ke bi, abin da mutumin Kaduna zai gode wa a zafin Afrilu.

Uwargida a gefe take kwana, ni kuwa rigingine. Mai taurin muka ɗauka, muka ɗora mata siririn lateks mai laushi a sama. Nauyinta kuwa, sai da samarin unguwa suka kama mana kafin ta shiga ɗaki.