Littafin da nake cikawa bayan Isha'i

Shekara shida ke nan ina koyar da lissafi a wata firamare a Gadarif ta ƙasar Sudan, inda yawancin yaranmu Hausa suke yi a gida, darasi kuma da Larabci ake bayarwa. Da can, in yaro ya kasa, sai in ce ba ya ja, in wuce.

Wani dattijon malami ne ya gyara mini tafiya. Ya ce, "Ɗana, muhasaba, wato yi wa kai hisabi, ba ta tsaya a kan sallaya ba, har gaban allo tana zuwa." Tun daga nan, bayan Isha'i nakan zauna a bakin angareb, gadonmu na igiya, da kofin shayi, in rubuta layi uku: abin da na koyar, wanda ya gane, da inda na bar wani a baya.

A wata na biyu na ga sunan yaro ɗaya ya fito sau tara. Na ƙara duba shi a aji, sai na ga leɓensa na motsi, yatsu a ƙarƙashin benci. Ashe da Hausa yake ƙirga, kafin ya juya amsar zuwa Larabci na riga na kira wani. Wallahi raina ya ɓaci da kaina, domin gaggawata ce take danne shi.

Yanzu in na yi tambaya, nakan ƙirga goma a zuci kafin in nuna kowa. Ranar Alhamis kuma su ma sukan rubuta mini abin da ya shige musu duhu, ba suna. Makon jiya takarda goma sha ɗaya suka ambaci rabawa, don haka ranar Lahadi da ita za mu fara.