Talata: koren rini da santimita uku na hanji

Aiki biyu aka yi yau a ɗakin tiyata, amma na safen ne ya fi cancanta a rubuta. Dattijo ne mai kilo 70, da kansar dubura, aka yi masa tiyatar ƙananan huda da kyamara. An ɗaure jijiyar da ke shayar da ɓangaren hagu na babban hanji tun daga tushenta, an sassauto hanjin daga kusurwar saifa, saura a yanke a haɗa. Daga nan abin da ya rage wa hanjin shi ne siririyar jijiyar da ke bin gefensa, jijiyar Drummond, kuma a kusurwar saifa, wurin da ake kira mahaɗar Griffiths, haɗin nan a wasu mutane rarrauna ne, a wasu ma babu shi. Ido zai ga hanji jajir yana motsi, a ce lafiya lau. Bayan kwana biyar ko shida sai zazzaɓi ya taso, ɗinki ya buɗe, ƙazanta ta malala cikin ciki.

Shi ya sa aka buɗe kwalbar ICG, wato rinin indosayanin girin, don a ga iyakar inda jini ke kaiwa a hanjin. Gari ne, miligiram 25, ana narka shi da mililita 10 na tsabtataccen ruwan allura, kowace mililita ta ɗauki miligiram 2.5. Ba a narka shi da ruwan gishiri, domin yana iya yin gudaji. Gishirin sai wajen kora shi cikin jijiya. Abin da aka haɗa kuma ba ya wuce awa shida. Kafin a fara an tambayi majiyyacin ko jikinsa na ƙin aidin, saboda akwai ɗan aidin a garin. Rinin ba sabo ba ne, tun 1959 aka amince da shi a Amurka, an daɗe ana auna aikin hanta da na zuciya da shi. Kyamarar ce sabuwa.

Da zarar ya shiga jini sai ya manne wa furotin, don haka ba ya saurin fita daga jijiya. Inda jini ya je, nan ya je. Kyamara na haska shi da hasken da ido ba ya gani, mai tsawon zango kusan nanomita 800, shi kuma ya mayar da nasa a kusan 830, na'ura ta zana shi kore a allo. Cikin minti uku zuwa huɗu hanta ta kwashe rabinsa ta zuba a madaciya. Hasken ba ya ratsa nama fiye da milimita 5 zuwa 10, saboda haka kitse mai kauri na iya rufe hanjin da jininsa ƙalau yake.

Tsarin da aka bi yau: aka fara raba kitsen da ke ɗauke da jijiyoyi har bakin hanji, aka sa alama a inda ido ya zaɓa, tun kafin allura. Wannan alamar tana da muhimmanci, in ba haka ba mutum zai ce ai dama nan ya nufa. Aka tambayi likitan sa barci matsin jini, ya ce daidai yake, ba a ba da maganin matse jijiyoyi ba. Sannan mililita 3, wato miligiram 7.5, a tura lokaci guda, a bi da mililita 10 na ruwan gishiri, sista ta fara ƙirga daƙiƙa da ƙarfi. Na'urar yatsa ta ɗan nuna iskar oksijin ta sauka na ɗan lokaci. Rinin ne ke ruɗa ta, ba huhu ba.

A daƙiƙa 35 kore ya bayyana a sama, ya gangaro, ya tsaya cak santimita uku kafin alamar. Aka ja layi a nan. Da aka kai minti biyu sai ga shi waɗannan santimita ukun ma sun yi kore, dishi-dishi. Nan ne kuskuren da ya fi yawa: wanda ya juya baya yana neman kayan aiki, ya waiwayo a makare, zai ga komai kore ya yanke a wurin da bai dace ba. Rini yana tsiyaya a hankali har cikin naman da jini ke isa da ƙyar. Minti na farko ne ke da magana, kuma saurin zuwan koren ya fi kaurinsa amfani. Kauri dai kyamara ke ƙara shi ko rage shi: a matso da ita komai ya yi haske, a janye ya dushe, a karkata ta gefe ɗaya ya fi ɗaya. Don haka a tsayar da ita wuri guda, a sa lafiyayyen hanji a cikin hoton don kwatanci.

Aka yanke a sabon layin, bakin ya yi jini ja. Bayan an haɗa da na'urar ɗinki mai zagaye, aka duba zoben nama biyu da ta fitar, duka cikakku ne, aka cika ƙugu da ruwa aka hura iska ta dubura, babu kumfa. Allura ta biyu bayan kusan minti ashirin, lokacin da koren farko ya dushe. Da an yi ta da wuri, ragowar rinin zai ɓata karatun.

A ganina ana yawan kai wannan fasaha inda ba ta kai ba. Binciken PILLAR II na 2015, a kan mutum 139, ya nuna an sauya shawara a kashi 8 cikin ɗari, yoyon ɗinki kuma kashi 1.4, amma ba shi da rukunin kwatanci. PILLAR III bai ga bambancin yoyo ba tsakanin waɗanda aka yi wa rini da waɗanda ba a yi wa ba. EssentiAL na Japan a 2023 ya samu yoyo a kashi 7.6 da rini, 11.8 ba rini. Raguwa ce ta gaske, amma yoyo bai ƙare ba, domin kore ba ya faɗin ko ɗinkin a ɗame yake, ko naman ya sha gashin hasken maganin kansa kafin tiyata. Saboda haɗin na yau yana can ƙasa sosai, an fito da ƙaramin hanji ta bangon ciki na wucin gadi, duk da kyan hoton.

Aikin yamma kuwa gwaiwa ce da ta shaƙe ƙaramin hanji, ya yi shuɗi-shuɗi. Aka saki maƙurar, aka lulluɓe shi da tsumma mai ɗumi minti goma, aka yi allura. Kore ya shiga a makare, ya kuma ƙi fita bayan maƙwabtansa sun dushe: jini na shiga, hanyar komawarsa ce a toshe. Aka cire santimita goma sha biyu.

Gobe da safe za a duba abin da robar tsane ruwa ta dattijon ta tara da bugun zuciyarsa, ran Juma'a kuma a auna CRP, gwajin jinin da ke nuna kumburi a jiki.