Shekarata ta farko a Istanbul

Na sauka Istanbul a ƙarshen watan Satumba da akwati ɗaya da kalmomin Turkanci biyu, merhaba da teşekkürler, wato sannu da na gode, ita ma ta biyun sai harshena ya yi tuntuɓe kafin ta fita. Karatun injiniya ne ya kai ni, amma da yake da harshen ƙasar ake koyarwa a sashenmu, sai da na yi shekara guda cur a ajin koyon harshe da kowa ke kira TÖMER. Daga matakin A1 muka fara, ba a sallame mu ba sai da muka kai C1.

Da farko harshen ya yaudare ni. Haruffan boko ne, tun 1928 da suka ajiye rubutun Larabci, ga kuma kalmomin da kunnena ya san danginsu: dünya, kalem, sabır, haber. Na ce ai wannan ruwan ba zai wuce gwiwa ba. Ashe aikatau can ƙarshen jimla yake zama, kalma ɗaya kuma a yi ta jera mata ɗafe-ɗafe har ta ɗauke abin da ni sai na yi jimla guda kafin in faɗa. Amma ba nahawu ne ya fara kunyata ni ba. Wata rana na tambayi direban bas ko zai bi ta unguwar Üsküdar, sai ya ɗaga haɓa sama ya ɗan tsotsi harshe. Na ɗauka tsaki ya yi mini, na wuni raina a ɓace. Sai da daddare abokin ɗakina ya yi dariya har da hawaye, ya ce a'a kawai mutumin ya ce, kuma haka kowa yake cewa a'a, har uwa ga ɗanta.

Mu huɗu ne a ɗaki, ni kaɗai baƙo, kuma ban ci moriyar hakan da wuri ba. Da an tashi daga aji sai in nufi wurin 'yan ƙasarmu, mu yi ta hira da harshenmu muna lissafa abin da ya dame mu. Akwai daɗi, ban musa ba, kuma su suka nuna mini yadda ake neman ikamet, wato takardar izinin zama, wadda na yi sawu uku a kanta saboda takarda ɗaya da ban kai ba. Sai dai bayan wata biyu, Turkancina yana nan a littafi, bai sauko baki ba.

Ranar 10 ga Nuwamba ina cikin jirgin ruwa daga Üsküdar zuwa Beşiktaş, kaina a kan waya. Ƙarfe 9:05 daidai jiniya ta ɗauka ta ko'ina, jiragen ruwa suka saki ƙahonsu, kowa ya miƙe tsaye cak, har mai sayar da shayi da farantinsa a hannu. Ni kaɗai nake zaune, gabana yana faɗuwa, ina zaton wani bala'i ne ya auku. Wani dattijo ya taɓa kafaɗata a hankali, na miƙe. Da aka gama ya nuna mini fadar Dolmabahçe a bakin ruwa, ya ce a can Atatürk, wanda ya kafa jamhuriyar Turkiyya, ya rasu, a wannan rana da wannan lokaci, a 1938. Rabin maganarsa kawai na kama. Abin da ya tsaya mini shi ne abokan ɗakina uku sun san za a yi haka, da ina zama da su da sun faɗa mini tun dare.

Daga nan na canja zama. Na fara bin su kanti shan shayi a ƙananan kofunan gilashin nan masu siririn ƙugu, ina yin kuskure suna gyara mini. A wurinsu na koyi cewa malami hocam ne, wanda ya ɗan girme ka abi ko abla, wanda ka tarar yana aiki kuma ka ce masa kolay gelsin, sannu da aiki ke nan. Ranar da na faɗa wa mai gadin ɗakin kwananmu haka, ya jawo mini kujera, wanda a da kallo kawai ke haɗa mu.

Hunturu ya zo da nasa. Tun 2016 ƙasar ta daina mayar da agogo baya da awa ɗaya a lokacin hunturu, don haka a Disamba sai bayan takwas na safe rana take fitowa, in tafi aji cikin duhu da iska mai yankan kunne. A lokacin kewar gida ta fi cina, kuma na gane kwanciya a ɗaki ƙara ta yake yi.

Da ƙaramar sallah, Ramazan Bayramı, abokin ɗakin nan mai dariya ya kai ni gidansu. Muka cire takalma a ƙofa, aka zuba mana kolonya mai ƙamshin lemun tsami a tafin hannu, na ga ya sumbaci hannun kakarsa ya kai shi goshinsa, ni ma na yi. Tsohuwar ta kira ni oğlum, ɗana, ta yi ta cika mini kofi da shayi. Ina cikin na biyar, cikina ya ɗauka, sai ya miƙo hannu ya kwantar da cokalina a bakin kofin. Ta duba, ta yi murmushi, ta mayar da butar kan murhu.