Abin da gyaran labaran soyayyar 'yan sakandare ya koya mini

Aikina shi ne karanta rubutun matasan marubuta kafin ya isa hannun masu karatu, in gyara ƙa'idojin rubutu, in kuma nuna musu wuraren da labari ya yi rauni. A cikin abin da ake turo mini akwai wani nau'in labari da yake yawan dawowa. Ɗalibai biyu ne 'yan ajin ƙarshe na sakandare, namiji da mace, waɗanda halinsu ya sha bamban, ba sa ga maciji da juna tun farkon shekara, sannan a hankali zukatansu su fara karkata, har a kai ga wani taron biki na lokacin hutu inda abin da suke ɓoyewa zai bayyana. Na daɗe ina aiki a kan irin waɗannan labarai, kuma mafi yawan abin da na sani game da gina soyayya a rubuce a wurinsu na koya.

Asalin wannan tsari ba ɓoyayye ba ne. Matasanmu suna cin karo da shi a fina-finan Amurka da kuma a Wattpad, manhajar da aka kafa a ƙasar Kanada a 2006, wadda marubutan Hausa da dama suke zuba littattafansu a cikinta. A can bikin na ƙarshen Disamba ne, lokacin hutun Kirsimeti, ana zuba dusar ƙanƙara a waje, ɗalibai sun taru a gidan wani abokinsu ana kiɗa da rawa. Wannan ya dace da rayuwar mutanen can, kuma ba ni da ja da shi a wurinsa. Matsalar tana tasowa ne idan yarinyar da ta tashi a Gwammaja ko Tudun Wadar Zariya ta ɗauko wannan dare ɗungurungum ta dasa shi a unguwarsu, domin mai karatu zai tambayi kansa wane uba ne ya bar 'yarsa ta fita a wannan lokaci, kuma daga nan ya daina gaskata duk abin da zai biyo baya. Abin da nake roƙon marubuci shi ne ya tambayi kansa amfanin da bikin yake yi wa labarin. Amfaninsa shi ne yana fitar da mutanen biyu daga aji, yana raba su da kayan makaranta da matsayin da aka san su da shi, yana ba kowannensu damar ganin ɗayan a matsayin ɗan wani gida mai iyaye da ƙanne da hidimomi. Da zarar an gane haka, sai a ga muna da tarukan da za su yi wannan aiki fiye da na aro: walimar saukar Alƙur'ani ta wata 'yar aji, ko ziyarar barka da sallah da ɗalibai suke kai wa malaminsu, ko haɗuwa a wurin kallon Hawan Daushe a ƙofar gidan Sarkin Kano, ko yawon sallah a gidan zu na Audu Baƙo.

Har wurin da ɗaliban za su san juna ma yana buƙatar lura. Makarantun sakandaren gwamnati da yawa a Kano da maƙwabtanta na maza daban ne, na mata daban, saboda haka marubucin da yake son jarumansa su zauna a aji ɗaya dole ya kai su makarantar kuɗi ko kwalejin gwamnatin tarayya, ko kuma ya haɗa su a gasar muhawara tsakanin makarantu ko a ajin ƙarin darasi na shirin jarrabawa. Kowane zaɓi a cikin waɗannan yana faɗa wa mai karatu wani abu game da arzikin iyayensu tun kafin marubuci ya buɗe baki a kai.

Inda na fi daɗewa tare da marubuta shi ne batun bambancin hali. Abu mafi sauƙi shi ne a ce ita 'yar masu kuɗi ce shi kuma ɗan talaka, ko ita mai girman kai ce shi mai haƙuri, a tsaya a nan. Wannan bambanci na suna ne kawai, kuma yakan narke a shafi na goma saboda ba shi da tushe. Labarin da ya fi koya mini wannan darasi wata ɗalibar jami'a ce ta rubuta shi. Jarumarta monita ce, mai tsantseni, wadda take rubuta sunayen masu surutu ta miƙa wa malami ba tare da ta ɗaga wa kowa ƙafa ba, jarumin kuma shi ne sunan farko a takardar kusan kullum, mai barkwanci, mai zuwa a makare, wanda littafinsa ba ya cika. Abin da ya ɗaukaka labarin shi ne marubuciyar ta san dalilin kowannensu. Yarinyar 'yar fari ce a gidan da uba ya rasu, kuma ta sani cewa idan ba ta ci jarrabawa da kyau ba kawunnanta ba za su biya mata kuɗin gaba ba, don haka duk mai surutu a aji a ganinta yana wasa da makomarta ne. Yaron kuwa da an tashi makaranta Kantin Kwari yake wucewa ya taya yayansa jiran shago har magariba, bakinsa da iya jan mutane su ne jarinsa, kuma aji ne kaɗai wurin da ba a neman ya zama babba. Da wannan sai saɓaninsu ya zama na gaske, domin kowa yana da hujjar da mai karatu zai iya tsaya mata, kuma babu wanda zai sauko daga matsayinsa ba tare da ya yi asarar wani abu ba.

Daga nan na fahimci cewa soyayyar da ake so ta tafi a hankali ba da jan lokaci ake samar da ita ba. Marubuta da yawa suna zaton idan suka cika babi ashirin da faɗa da harara, sannan a babi na ashirin da ɗaya suka sa jarumi ya furta so, sun yi tafiyar sannu. Abin da suka yi shi ne tsayawa wuri ɗaya sannan su yi tsalle. Tafiyar sannu ta gaskiya tana kama da aikin marina a Ƙofar Mata, inda ake tsoma zane a baba a fito da shi ya sha iska, a sake tsomawa, kowane tsomi yana ƙara masa duhu kaɗan har launin ya kama. Kowace haɗuwa tsakanin ɗaliban biyu dole ta canza wani ƙaramin abu da ba zai koma yadda yake ba. A labarin da na ambata, malamin Hausa ya haɗa su a tawagar muhawara saboda ita tana da hujja amma muryarta tana rawa a gaban jama'a, shi kuma yana da baki amma ba ya karatu. Ta ara masa littafinta da sharaɗin ya dawo da shi ba tare da lanƙwasa ba, ya dawo da shi an sa masa sabon bango da takardar kalanda. Wata rana aka yi surutu, ta rubuta sunansa kamar kullum, amma a karo na farko ba ta iya kallon inda ake yi masa bulala ba. Babu kalmar so ko ɗaya a duk waɗannan babuka, amma mai karatu ya riga su sanin halin da suke ciki.

A nan ne al'adarmu take taimakon marubuci fiye da yadda matasa suke zato. Kunya ba cikas ba ce ga irin wannan labari, ita ce ma take ba shi ƙarfi. A wurin da yarinya ba za ta tsaya hira da namiji a bakin titi ba, kuma yaro ba zai iya kiran sunanta a gaban yayanta ba, ƙaramin abu yakan yi nauyi: gaisuwar da aka tsawaita, saƙon da aka ba ƙanwa ta kai, amsar da aka bayar ana kallon ƙasa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma marubucin da ya iya rubuta fuska ba ya buƙatar dogayen kalaman da ake kwafowa daga fina-finan Indiya. Ina yawan soke shafuka na irin waɗannan kalamai, ba don ba su da daɗi ba, sai don ɗan shekara goma sha bakwai da yake tsoron a ji shi ba haka yake magana ba.

Kalandar makaranta ma kayan aiki ce. Shekarar karatu tana farawa wajen Satumba, zango uku ne, kuma ɗan ajin ƙarshe yana da JAMB da WAEC da NECO a gabansa. A 2023 da 2024 ƙaramar sallah ta faɗo ne a watan Afrilu, dab da fara waɗannan jarrabawa, saboda haka bikin sallar da ya haɗa 'yan ajin ƙarshe a irin waɗannan shekaru yana ɗauke da sanin cewa saura 'yan watanni kowa ya kama gabansa. Marubucin da ya yi amfani da wannan ba ya buƙatar ƙirƙiro haɗarin mota ko muguwar kishiyar uwa domin ya matsa wa jarumansa, lokaci da kansa yana matsa musu.

Shi kansa babin bikin, abin da na koya shi ne ya kamata ya zama mafi ƙarancin hayaniya a cikin littafin, duk da cewa a nan aka fi cika. A labarin ɗalibar nan, 'yan ajin sun je gaishe da malaminsu rana ta biyu da sallah, mata a tsakar gida tare da matar malam, maza a zaure, ana miƙa waina da cincin da zoɓo. Yarinyar da aka sani da tsare gida ta zo da lalle a hannu, tana goye da ƙaninta na ƙarshe saboda babu wanda za ta bar wa shi, yaron da aka sani da wasa kuma shi ne ya tashi ya ja sallar la'asar da malam ya tura shi gaba, abin ya ba kowa mamaki. Duk abin da ya shiga tsakaninsu a ranar bai wuce jimla uku ba. Da za a tafi ya karɓi ƙanin nata daga hannunta ya kai su bakin titi, ya ce, "Monita, a yafe mana surutun bana," ita kuma ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, ka dai riƙe littafin nan har a gama jarrabawa." Na karanta shi sau da yawa, kuma ban sami abin da zan ƙara ko in rage ba.

Akwai nauyin da ba na sassautawa a kansa, wato shekarun jarumai da na masu karatu. Waɗannan yara ne da suke ƙarƙashin iyayensu, kuma waɗanda suka fi karanta labarin sa'anninsu ne ko ƙannensu, a wayoyin da sau da yawa na iyayensu mata ne. Adabin soyayya na Hausa ya sha suka tun lokacin da littattafan kasuwar Kano suka bunƙasa a shekarun 1980, har ta kai ga an ƙona wasu littattafai a Kano a 2007 bisa zargin ɓata tarbiyya, kuma ina ganin amsar da ta fi dacewa da wannan zargi ita ce rubutu mai mutunci wanda bai yi wa zuciyar matashi ƙarya ba. Matasa suna jin so, musun haka ba ya kare kowa, amma marubuci yana iya nuna shi a matsayin abin da yake sa yaro ya gyara kansa, yarinya kuma ta ƙara riƙe burinta. Saboda haka ba na yarda da duk wani abin da ya wuce iyakar kunya a irin waɗannan labarai, komai yawan masu neman a ƙara.

Batun da har yanzu muke ja da marubuta a kansa shi ne ƙarshen labari. Masu karatu sun saba a rufe da ɗaurin aure, kuma marubucin da yake sakin babi kullum yana jin matsinsu, sai ya tsallake shekara biyar a sakin layi ɗaya domin ya kai su ga lefe da kamu. Ni kuwa ina ba da shawarar a tsaya kusa, a rubuta ranar da aka koma makaranta bayan hutu, kowa ya mayar da kayan makarantarsa, ita ta ɗauki takardar masu surutu, shi ya zauna a kujerarsa ta baya, a ga yadda za su yi da abin da suka sani yanzu. Ɗalibar da na ambata ta karɓi shawarar rabi da rabi: ta rubuta wannan babi, ta kai su har ranar takardar ƙarshe ta NECO, sannan ta sanar da masu karatunta cewa maganar aure sai a littafi na biyu, bayan jarumar ta sami gurbin karatu a jami'a.