Abin da rawar kan ƙanƙara ta koya mini a ɗakin labarai

Shekarata ta biyu ke nan ina rubuta labaran wasanni a gidan rediyo lokacin da aka ba ni aikin haɗa shiri na minti biyar kan wasannin da suka ɓace daga Olamfik na hunturu. Cikin binciken na ci karo da rawar bale ta kan dusar ƙanƙara. Mutum zai ɗaura gajerun allunan zamiya a ƙafa, ya riƙe dogayen sanduna biyu, a sa masa kiɗa, ya gangaro a fili mai ɗan gangare yana juyi, yana harɗe ƙafafu, yana dogara sanduna ya yi alkafura a iska. Duk cikin kusan minti ɗaya da rabi, alƙalai suna ba da maki a kan wahalar motsi da kyan tsari.

Na kalli bidiyo biyu na wata 'yar wasa mai suna Conny Kissling, na ga tufafi masu ƙyalli irin na shekarun 1980, na zauna na rubuta shirin da sigar ba'a. Na ɗauka tun da wasan ya mutu, ai bai cancanci rayuwa ba.

Editanmu, dattijo mai ƙarancin magana, ya karanta ya ajiye takardar. Ya ce, "Ɗana, ka kalli ƙafafunta kuwa, ko rigarta kaɗai ka kalla?" Na ce, "Malam, na kalla." Ya ce in koma in sake, in rage gudun bidiyon.

Na koma kan Conny Kissling, 'yar ƙasar Suwizalan. Da na rage gudun hoton sai na ga abin da ya wuce ni. Tana juyi a kan ƙafa ɗaya, ɗayar tana sama da allo a ɗaure, ƙasa kuma tana zamewa a ƙarƙashinta. Kuskuren taku ɗaya, bakin allon ya cije ƙanƙara, sai faɗuwa. Kuma dole kowane motsi ya faɗa daidai kan kiɗa, fuska a sake kamar ba a wahala. Wannan baiwar Allah ta ci gasa 106 a Kofin Duniya, ta riƙe kambun gaba ɗaya shekara goma a jere, daga 1983 zuwa 1992, domin ban da rawar tana shiga tseren kan tuddan ƙanƙara da kuma tsalle-tsallen sama. A Albertville ta Faransa a 1992 ita ta zo ta ɗaya a ɓangaren mata, Fabrice Becker na Faransa a na maza. Sai dai wasan nuni ne kawai, kamar yadda aka yi a Kalgari ta Kanada a 1988, don haka nasarar ba ta shiga lissafin lambobin ƙasashe ba.

A nan ne na gane inda na yi tuntuɓe. Rawar ta taso ne tare da 'yan uwanta biyu. Tseren tuddai ya samu cikakken matsayi a Olamfik a 1992, tsallen sama ya bi shi a Lillehammer a 1994, rawar kuwa aka bar ta a bakin ƙofa. An sauya mata suna zuwa acroski, bai hana komai ba. Kuɗin horo da masu ɗaukar nauyi suna bin wasan da ke kawo lambar Olamfik, yara masu tasowa su ma haka. Bayan shekarar 2000 FIS, hukumar wasannin zamiya kan ƙanƙara ta duniya, ta daina shirya gasarta. A teburin taro aka yanke hukuncin, gwanintar masu yi ba ta ragu da ƙwayar zarra ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Akwai waɗanda suka ba wannan sana'a ƙuruciyarsu, suka fita cikin sanyin asuba shekara da shekaru, rana ɗaya aka naɗe tabarmar suna tsaye a kai. Ni kuma na so in mai da su abin dariya a kunnen masu sauraro bayan kallon minti uku.

Na yaga rubutun farko. A na biyu na ɓata rabin lokacin shirin ina bayyana yadda ake alkafurar sanda: a kafa sandunan a gaba, a jefa nauyin jiki a kan hannaye, ƙafafu da alluna su bi ta saman kai, a dira ana ci gaba da zamiya. Malam ya karanta, ya gyara mini kalma biyu, ya ce in shiga situdiyo ƙarfe huɗu.