Zomanyata ta haihu ba shiri: inda muka kai da 'ya'yan

'Yan'uwa masu koyon kiwon zomo, barkanmu da ƙoƙari. Zomanyar da na sayo a kasuwa ashe da cikinta ta zo. Mai ita bai ce an yi mata barbara ba, kuma cikin zomo ba ya fitowa sosai sai haihuwa ta matso. Galibi kwana 31 ne, don haka duk wanda ya sayi babbar mace daga inda ake cakuɗa su da maza, ya ɗauka tana da ciki har wata guda ya wuce.

Wata yamma na gan ta da ciyawa cike da baki tana zagaye keji, can kuma ta hau tuge gashin ƙirjinta. Gari na wayewa sai ga 'ya'ya bakwai a kusurwa, jajaye, ba gashi, ido da kunne a rufe. Muna tsakiyar hunturu, ƙasan kejin kuma waya ce, iska na shiga ta ko'ina. Na samo ƙaramin akwatin katako, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa, na kwashi gashin da ta tara da 'ya'yan gaba ɗaya na sa a ciki, na ajiye shi daidai kusurwar da ta zaɓa. Bakin akwatin yana da ɗan tsayi, ita za ta iya tsallakawa, su ba za su iya rarrafowa waje ba. Da dare ina rufa buhu ta gefen da iska ke kaɗowa. Namijin da nake da shi kuwa yana kejinsa daban, kuma can zai zauna, domin zomanya tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu.

An ce mini kada in taɓa su, wai uwar za ta ƙi su ko ta cinye. Ina taɓa su kullum, ba ta ƙi ko ɗaya ba. Na kan shafa bayanta tukuna, in murza hannu a ciyawar kejin, in duba su cikin hanzari in mayar da gashin in rufe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wunin farko. Uwar ta koma ɗaya gefen ta miƙe ƙafa, ko kallon akwatin ba ta yi. Duk wanda ya saba da kaza ko mage zai ce ta yi watsi da su. Ba haka ba ne, kuma a nan ne masu koyo da yawa ke asarar 'ya'ya saboda tausayi. Zomon gida jikan zomon rami ne na ƙasashen Sifen da Fotugal, wanda uwarsa ke ɓoye 'ya'ya a rami ta yi nesa da su don kada ta jawo musu abin da zai cinye su. Sau ɗaya take zuwa a rana, wani lokaci sau biyu, yawanci cikin dare ko da asuba. Ta tsaya a kansu minti uku zuwa biyar, su tsotsa, ta fice. Nononta na da kauri da maiƙo ƙwarai, shi ya sa wannan ɗan shan ke riƙe su har gobe.

Saboda haka a cikin 'ya'yan ake gane ko ana shayar da su. Bayan sallar asuba nake ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙoshi cikinsa ya yi tim, fatar ta miƙe tana sheƙi, har kana hango farin nonon ta cikinta a kwanakin farko. Jikinsa da ɗumi, kana taɓa shi ya yi zillo. Wanda bai samu ba cikinsa a shafe, fatar ta yamushe, motsinsa a sanyaye.

Biyu daga cikin nawa haka na same su a makon farko, manyan na ture su. Ban garzaya neman madara ba. Na zauna na ɗora uwar a cinyata, ina shafa ta har ta natsu, ƙanena ya kanga mata su ta ƙasa suka kama. Ɗaya ya murmure, yanzu da wuya ka bambanta shi da sauran. Ɗayan bai yi rai ba, abin ya taɓa ni. Na cire shi nan take, saboda wari na kiran cinnaka da kwarkwasa, su kuwa dare ɗaya ya ishe su gamawa da akwati guda. Ƙafafun kejina huɗu suna tsaye cikin gwangwanaye masu baƙin mai, kuma na toshe duk ƙofar da ɓera zai iya bi.

Shayarwa da hannu a bar ta sai uwa ta mutu ko nononta ya ƙafe, kuma babu wata mai jego da za a raɓa mata su. Nonon saniya bai kai nata ƙarfi ba, na akuya ya fi kusa. A ba su da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo, ɗan yana zaune a hannu, kada a kwantar da shi rigingine, don idan nono ya bi ta hanci ya shiga huhu shi ke nan.

Wata safiya na tsinci ɗaya a kan waya, ya yi sanyi ƙalau. Ya maƙale ne a nono ta fito da shi, kuma zomanya ba ta ɗaukar ɗanta da baki ta mayar. Na cusa shi cikin rigata a jikin fata, kafin rana ta ɗaga ya fara motsi, sai da ya yi ɗumi sosai na mayar da shi tsakiyar 'yan'uwansa. Kada ku yar da ɗan zomo don kawai ya sandare da sanyi, ku ɗumama shi tukuna.

Ita uwar, ruwa ne kan gaba. Maganar cewa zomo ba ya shan ruwa ba ta da tushe, mai shayarwa sha take sosai, kuma ƙishirwa na cikin abubuwan da ke sa ta cinye 'ya'yanta. Ina ba ta harawar gyaɗa da ta wake ba yankewa, dusa da ɗan gishiri, ganyen dankalin Hausa da ɗan zogale bayan sun sha iska.

Gashi ya rufe su kafin mako ya cika. Idanu sun buɗe tsakanin kwana 10 da 12, ban da ɗaya da kwantsa ta liƙe masa, na goge da auduga da ruwan ɗumi a hankali ya buɗe. Yanzu muna mako na uku, shidan suna tsallako akwati suna gutsurar harawar uwarsu. Na rage ɗanyen ganye a kejin, domin a wannan lokacin gudawa da kumburin ciki ne ke kashe su. Ba zan yaye su ba sai sun cika mako shida, kuma kafin wata uku zan raba maza da mata. Wanda ya taɓa renon 'ya'yan zomo a bazara, don Allah ya faɗa mana yadda ya yi da zafi, saboda haihuwarta ta gaba can za ta faɗa.